Ba lalaci ke fitar da yaranmu daga sakandare ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tanka wa rubutun da kuka buga kwanakin baya a kan samarin zango da ke barin babbar sakandare tun ba su kai ga jarrabawar ƙarshe ta WASSCE ba. Marubucin ya ɗora laifin a kan lalaci da wayar hannu da zaman majalisar ataya. Ban ce babu su ba, ta gaban majalisun nan nake wucewa kullum in na taso daga aiki. Amma ni malamin ƙaramar sakandare ne a nan Asawase, cikin birnin Kumasi na Ghana, da hannuna nake taya iyaye cike takardar zaɓen makaranta, kuma da yawa daga cikin masu zama a bencin atayar na san su tun suna aji ɗaya. Wasunsu su ne masu riga kowa zuwa da safe su share aji su ɗebo ruwa. Irin wannan yaro ba ya kwana ya tashi malalaci. Ruwa ba ya tsami banza.

Misalina zan ɗauko shi daga nesa, daga ƙasar Foland. Ƙanena da muke ciki ɗaya karatu ya kai shi can, ya zauna a birnin Poznan, ya yi aure, kuma ɗansa na fari ya shiga irin halin da yaranmu ke shiga. Mun daɗe muna kai da komo a waya a kan yaron nan, ni da uban da matarsa, har tsarin makarantunsu ya zauna mini a kai.

A can yaro yana yin firamare shekara 8, ya gama yana ɗan shekara 14 ko 15. A ƙarshenta akwai jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya a darasi uku: harshensu, lissafi, da wani harshen waje, galibi Turanci. Daga nan hanya ta rabu uku. Akwai liseyum, shekara 4, karatun littafi zalla, mai kai yaro ga jarrabawar matura, wadda sai da ita ake shiga jami'a, kamar WASSCE a wurinmu. Akwai teknikum, shekara 5, inda ake haɗa karatu da sana'a, yaro ya fita da matura da kuma shaidar ƙwarewa a lantarki ko kwamfuta ko gini ko harkar otal. Sai makarantar sana'a ta shekara 3 da suke kira branżowa, ta kanikawa da kafintoci da masu gashin burodi da masu gyaran gashi, inda yara da yawa ke raba mako tsakanin aji da shagon maigida, ana ba su ɗan albashin da doka ta yanka. Inda yaro zai faɗa cikin ukun nan, maki ne ke yanke hukunci. Makin duka 200 ne, 100 daga jarrabawar, sauran 100 daga sakamakon aji da gasanni da aikin sa-kai. Kuma ko a cikin liseyum ɗin, tun ranar shiga ake zaɓar ɓangare: masu hangen likita su shiga ajin bayoloji da kemistiri, masu hangen injiniya su shiga na lissafi da fiziks, masu hangen lauya su shiga na tarihi da adabi.

Ɗan ƙanena makinsa ya kai, don haka uban ya ce ajin likitoci. Ban ga laifinsa ba a zuciyata, mutumin da ya bar unguwar Aboabo da jaka guda yana so wata rana a ce ɗan wane likita ne a Turai. Sai dai duk wanda ya san yaron ya san inda hankalinsa yake. Da suka zo hutu Kumasi yana ƙarami, fankar ɗakin Hajiyarmu da ta daina juyawa shi ya sauke ta a kan tabarma ya kwance, ya jera ƙusoshin a cikin murfin kwano don kada su ɓace, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda ta tsinke. Ana kiransa cin abinci bai ma ji ba. Hajiya ta yi ta sa masa albarka, ta ce wannan hannun nasa abin arziki ne.

Bai yi nisa a liseyum ba ya fara ciwon ciki da safe. Makin aji a can daga 1 zuwa 6 ne, 1 ita ce faɗuwa, kuma komai yana shiga rajistar intanet da iyaye ke gani a wayarsu nan take, maki da makara da fashi. Ƙanena yana wurin aiki zai duba waya ya ga 1 a kemistiri. Sai aka ɗauko malamin gida ana biyansa da awa, abin da ya zama ruwan dare a gidajen can. A lokacin sanyi tun ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, yaron ya dawo cikin duhu, ya zauna gaban malamin gida, ya tashi ya hau aikin makaranta har dare ya raba. Daga baya aka gano yana fita da jakarsa da safe, ya shiga jirgin cikin gari ya yi ta zagaye har lokacin tashi ya yi. Dokarsu kuwa ta ce wanda ya yi fashin fiye da rabin darussa a wani fanni ana iya hana shi maki a fannin gaba ɗaya, wanda kuma ya faɗi a darasi ɗaya ko biyu sai ya sake jarrabawa a ƙarshen Agusta, in bai ci ba ya maimaita aji.

Daren da uban ya kira ni muryarsa na rawa. Ya ce, "Yaya, malamar da ke ba yara shawara a makarantar ta ce a mayar da shi teknikum. Me zan ce wa mutanen gida? A ce ɗana ya kasa?" Na ce masa wanda ya shiga tirotiron Tafo alhali Bantama za shi, sauka zai yi ya sake mota, ba wanda zai ce ya kasa tafiya. Matarsa ta fi shi saurin fahimta, domin 'yan'uwanta maza teknikum suka yi kuma suna riƙe da gidajensu. Aka mayar da yaron ɓangaren lantarki. Tunda bai yi darussan sana'a na shekarar farko ba, sai ya koma aji ɗaya, ya yi asarar shekara guda. Ciwon cikin ya tafi ba tare da an sha magani ba. Yanzu hotunan allon wayoyi yake turo mini, ni da ban san kansu ba, yana yi mini bayani ɗaya bayan ɗaya.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma dalilan ba su tsaya a kan zaɓen uba ba. Kowane watan Janairu mujallar Perspektywy tana fitar da jerin makarantun da suka fi cin matura, iyaye su yi ta rububin na sama, makarantun na sama kuma su matsa wa yara don kada sunansu ya sauko. Yaro mai matsakaicin ƙoƙari in ya faɗa irin wannan makaranta, wanda jiya shi ne na ɗaya a firamarensu, yau shi ne na ƙarshe a aji, kuma ba kowace zuciya ce ke ɗaukar wannan tana shekara 15 ba. Damuwa da ƙuncin rai a tsakanin matasa magana ce da ake yi a fili a ƙasar, likitocin ƙwaƙwalwar yara kuma sun yi musu ƙaranci. Zaman gida na lokacin korona ya ƙara dagula abin, har gidaje da yawa suka cire 'ya'yansu suka koma karatun gida, yaro yana da rajista a wata makaranta, yana karatu ta intanet, ya je ya yi jarrabawa a ƙarshen shekara. Yaran ƙauye suna da nasu: motar asuba zuwa gari, ko zama a ɗakin kwanan ɗalibai nesa da uwa. Akwai wanda tsangwamar 'yan aji ke kora. Akwai wanda ya ɗanɗana kuɗin aikin hutu a wurin gini ko sito, ya ga zaman aji ɓata lokaci ne, kuma maza sun fi mata faɗawa wannan. Tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004 mutanenta suka bazama neman aiki Ingila da Ailan da Jamus, aka bar yara da yawa a hannun kakanni. Wannan kam ba sai an yi wa ɗan zango bayani ba. Gida nawa ne a Aboabo da Sawaba da uban yana Libiya ko Italiya ko Saudiyya, kaka ce ke riƙe da yaro, ba ta kuma iya karanta takardar sakamako ba? Daga 2022 kuma yaƙi ya koro musu yaran Yukren, suka shiga aji da harshen da ba nasu ba.

Gwamnatinsu ma ta sa hannu a cikin wahalar. A 1999 sun kafa ƙaramar sakandare ta shekara 3, a 2017 ministar ilimi Anna Zalewska ta soke ta aka koma firamare mai shekara 8. Sakamakon haka a Satumbar 2019 zubi biyu suka isa ƙofar babbar sakandare rana ɗaya, 'yan tsohon tsari na ƙarshe da 'yan sabon tsari na farko, yara fiye da 700,000. Aji ya cika, wasu makarantu suka koma karatu har duhun dare, yara da yawa suka ƙare a inda ba su zaɓa ba don kawai nan ne aka sami kujera. A watan Afrilun shekarar kuma malamai sun yi yajin aiki na kusan mako uku, daidai lokacin jarrabawa. Da ƙanena ke ba ni wannan labari na ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma a 2007 an mayar da babbar sakandare shekara 4, a 2009 aka dawo da ita 3, a 2013 zubi biyu suka zauna WASSCE tare. Da karatun babbar sakandare kyauta ya zo a Satumbar 2017 yara suka yi yawa, a 2018 aka raba su layi biyu, kore da na zinariya, wasu na aji wasu na gida suna jira. Watannin jiran nan na san yaran da suka kama sana'ar titi a cikinsu, ba su sake komawa ba.

To, duk da wannan, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙididdigar Tarayyar Turai, matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 da suka bar karatu ba su gama babbar sakandare ba, a Foland ba su wuce wajen kashi 5 cikin 100 ba, alhali a Tarayyar baki ɗaya sun kusan kashi 10. Suna cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin wannan matsala. Yaransu suna gajiya kamar namu, suna faɗuwa kamar namu, suna riƙe da waya fiye da namu. Abin da ya bambanta shi ne yaron da ya fita daga wannan makaranta yana da wata da zai shiga. Tsarin mulkinsu ya wajabta karatu har shekara 18, ƙaramar hukuma tana bin sawun yaron da ya ɓace daga rajista, ana kuma iya cin iyaye tara. Ana sauyawa daga liseyum zuwa teknikum ko zuwa makarantar sana'a, ana sauya ɓangare a cikin makaranta ɗaya, abin da ake nema shi ne yaro ya cike giɓin darussan da bai yi ba. Wanda ya gama makarantar sana'a ta shekara 3 yana iya ƙara shekara 2 ya zauna matura, ko ya shiga liseyum ta manya. Waɗanda abin ya fi yi wa tsanani, masu faɗuwa sau da yawa ko 'yan gidajen da suka watse, akwai hukumar gwamnati da ake kira OHP mai karɓarsu ta haɗa musu karatu da koyon sana'a. Ita kanta matura da kashi 30 cikin 100 ake tsallake darussanta na dole.

Ba na cewa aljanna ce. Su ma suna raina ɗan branżowa, ana yi masa kallon wanda kansa bai ja ba, kuma matar ƙanena ta ce akwai iyayen da suka gwammace ɗansu ya maimaita aji a liseyum da a ce ya koma can. Sun kuma fi mu kuɗi nesa ba kusa ba. Amma barin yaro ya sauya kwas ba gini yake buƙata ba, ba kuma bashin ƙasar waje ba.

Bari in dawo gida in faɗi yadda abin ke faruwa a gabana. Lokacin cike takardar zaɓe in ya zo, mukan fitar da tebur baranda. Uba zai zo da hularsa da carbinsa, sau da yawa ba tare da yaron ba, ya zauna ya ce, "Malam, rubuta masa kwalejin Prempeh, sa masa sayans." In na ce, "Alhaji, yaron nan lissafi yana ba shi wuya, amma duk rediyon unguwa shi ke gyarawa, mu duba makarantar fasaha," sai fuska ta canza. "Malam, ɗan nawa ne za ka mayar kanikan Magazin?" Ya manta motar da ta kawo shi a Magazin ɗin nan ta Suame, unguwar kanikawan Kumasi, aka ɗaura mata inji, kuma mastan da ya ɗaura ya gina gida ya sauke farali. Ga Kumasi Technical Institute a cikin garin nan, ba nisa da mu, amma a takardun da ke bi ta hannuna sai ka daɗe ba ka ga wanda ya sa ta a farko ba. Tun 2005 kwamfuta ke raba yara makarantu bisa makin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da abin da aka rubuta a takardar nan, don haka kalmar da uba ya faɗa a baranda cikin minti biyar ita ce yaro zai ɗauka shekara 3.

Wani ɗalibina haka aka yi masa. Ya sami sayans a wata makaranta, ba wadda uban ya so ba. Uwarsa ta ci bashi ta sayi akwatin ƙarfe da katifa da bokiti, ta cika masa akwatin katako da garin rogo da shito da sukari, domin karatu kyauta ne amma kayan tafiya ba kyauta ba ne. Zangon farko ya dawo ya rame. Ya same ni bayan sallar Magariba ya ce, "Malam, wallahi ba na gane komai, in malami yana magana kamar ruwa ake yi a kan kwano." Ya nemi a sauya masa kwas, aka ce lokaci ya wuce. Ya nemi a dawo da shi wata makaranta kusa, aka yi ta kai shi ana kawowa har ya gaji. A shekara ta biyu ya daina zuwa, kuma ba wanda ya zo gidansu ya tambayi dalili. Yau pragya, keken haya mai ƙafa uku, yake ja tsakanin Aboabo da Sawaba. In ya gan ni yakan tsaya ya ɗauke ni, ya ƙi karɓar kuɗi, kuma in keken wani abokinsa ya lalace shi ake kira ya duba wayoyin. Wannan shi ne wanda marubucinku zai gani a bencin ataya da dare ya ce malalaci.

'Yan mata nasu ya fi shiru. Wata ɗalibata mai kai sosai ta sami makarantar kwana a wata jiha mai nisa, uban ya ce 'yarsa ba za ta kwana a garin da bai san kowa ba. Ban ga aibun tsoronsa ba. Amma a gidan babu wanda ya san ta inda ake neman makaranta kusa, sai aka ce ta taya uwarta zaman shagon atamfa a Kejetia kafin a ga abin da Allah zai yi. Abin da ya biyo baya aure ne. Irinta ba ta zama a majalisa, don haka ko a rubutun zargi ba a ƙirga ta.

Za a ce ai akwai jarrabawar Nuwamba da Disamba ta masu zaman kansu. Akwai ta, kuma ta ceci mutane. Sai dai jarrabawa ce, ba makaranta ba, kuɗi ake biya, kuma yaron da ya fita a aji ɗaya me ya karanta da zai je ya rubuta?

Abin da nake roƙon hukumomin ilimi shi ne a ware lokaci sananne, a ƙarshen zangon farko da kuma ƙarshen shekarar farko, da yaro zai iya sauya kwas ko ya koma makarantar fasaha ko wadda ke kusa da gida, a bisa ƙa'ida rubutacciya da kowa ya sani, ba sai wanda ya san wani ba. In sauyin zai ci masa shekara guda, ya ci. Kuma duk yaron da ya yi mako biyu ba a gan shi a aji ba, a sami wanda aikinsa ne ya taka har gidansu. Mastocin Magazin da teloli da masu walda da ke karɓar yaran nan a jawo su cikin tsari, yaro ya yi kwana uku a shago kwana biyu a aji, ya fita da takardar da za ta bar shi ya ci gaba in ya so. Karatun kyauta alheri ne babba, na ga iyaye mata sun zubar da hawayen murna a kansa, shi ya sa nake jin zafin ganin yaro ya shiga kyauta ya fita hannu wofi.

Mu iyaye kuwa namu ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Ranar cike takarda a zo da yaron, a bar shi ya buɗe baki. A tambayi malamin da ya shekara uku yana duba littafinsa, a kuma saurari amsar ko ba ta yi daɗi ba. In yaro ya dawo hutu ya ce ba ya ganewa, kada a fara da bulala ko gorin ɗan maƙwabci. Limamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, huɗuba ɗaya kafin lokacin zaɓen makaranta za ta isa kunnen iyaye maza fiye da taron iyaye da malamai goma, tunda taron galibi mata ne ke zuwa, hukuncin kuma a bakin maza yake.

Ku ma, Edita, ina da buƙata a wurinku. Kafin lokacin cike takarda na gaba, ku ba da shafi guda da Hausa mai sauƙi, ku jera makarantun fasaha da na sana'a da ke Ashanti, da kwasa-kwasan da kowace ke yi, da inda kowane kwas ke kai yaro, har da hanyar da ke bi ta nan zuwa jami'ar fasaha ko KNUST, babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi. Iyaye da yawa ba su san ɗan makarantar fasaha yana iya kai wa jami'a ba. In kun buga, zan manna shi a jikin bangon baranda inda muke ajiye tebur, in karanta wa duk wanda ba ya karatun boko kafin mu ɗora biro a takarda.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin ƙaramar sakandare,
Asawase, Kumasi.